Wa Ke Renon Attajiri? Ƙuruciyar Alhassan Ɗantata da ta Attajiran Farsi na Indiya, da Halin da Arewacin Zamfara ke Ciki



Gabatarwa

A ranar 1 ga Janairun 1877 aka buɗe masaƙar Empress a garin Nagpur na ƙasar Indiya. Mai ita wani ɗan kasuwa ne ɗan shekara 37, Jamshedji Tata, daga wata ƙaramar al'umma da ake kira Farsi. A cikin wannan shekarar aka haifi wani yaro a Bebeji ta ƙasar Kano, aka raɗa masa suna Alhassan, wanda duniya ta zo ta sani da Ɗantata. Kamar da sunayen biyu suka yi ba ta wuce ta kunne ba. Tata na Indiya sunan zuriya ne, Tata ta Bebeji kuwa wata tsohuwar baiwa ce da ta reni yaron bayan rasuwar mahaifinsa. Sai dai in aka ajiye sunaye aka dubi yadda gidajen biyu suka yi renon 'ya'yansu, za a ga wata kama da ta fi wannan zurfi, ita ce kuma abin da wannan takarda ta sa gaba. Matsayina shi ne, ilimin da ke mai da yaro babban ɗan kasuwa yana hannun mutum uku: malamin da ya koya masa karatu da lissafi da tsoron haƙƙin mutane, ubangidan da ya sa shi cikin harka tun yana ƙarami, da dangi ko jama'ar da ke tsaya masa idan zai karɓi kayan bashi. Duk inda ɗaya ya faɗi, sauran biyun sukan kasa. Labarin da muka saba ba matasa, na maraya da ya tashi da asusunsa shi kaɗai har ya zama mai kuɗin Afirka ta Yamma, rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne wanda Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suka fi buƙatar ji a yau.

Maraya a Bebeji

Yawancin abin da ake faɗa game da ƙuruciyar Ɗantata riwayar iyali ce da aka rubuta bayan mutumin ya riga ya shahara, kuma irin wannan riwaya takan karkata wajen wahala, don wahala ce ke ƙara wa nasara armashi. Ga yadda take. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya rasu wajen 1885 Alhassan yana da kimanin shekara 8. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta ƙaura zuwa Akra ta bar yaran a hannun Tata. Gadon da aka raba bai je ko'ina ba. Yaron ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya yi wa malam aiki, ya yi bara kamar kowane almajiri, yana jefa ɗan abin da ya samu a asusu. Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja ya je ya ga uwarsa, ita kuma maimakon ta riƙe shi a gindinta sai ta miƙa shi ga wani malami, daga baya ya komo Bebeji. Yaƙin Basasar Kano da ya tashi a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa ya rutsa da shi, aka kama shi tare da 'yan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta.

Duk wannan gaskiya ne gwargwadon yadda aka ruwaito, amma a sake karanta shi da idon mai neman sanin abin da yaron ya gada wanda ba ya shiga rabon gado. Alhassan Ba'agale ne. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa a ƙarni na 19 ƙungiyoyi uku ne suka riƙe wannan harka: Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ya haɗu da Buzaye suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano, sai Kambarin Barebari, waɗanda suka fito daga Barno suka yi sansani a Gummi, nan cikin Zamfara. Kowace ƙungiya tana da nata tsagen fuska, tana auratayya a tsakaninta, tana da masu masauki a zanguna tun daga Kano har Salaga. Yaron da ya ce shi ɗan Madugu Abdullahi ne na Bebeji ba baƙo ba ne a ko'ina cikin wannan hanya. Ba shi da jaki ko ɗaya, amma yana da sunan da ake ba kaya a kansa. Yaro ɗan shekara 15 ba ya tashi daga ƙasar Kano ya isa bakin teku a wancan zamani don ƙarfin zuciyarsa kawai, sai in akwai ayarin da ya yarda ya ɗauke shi, da manyan da suka san gidan da ya fito.

Ayarin nan kuwa makaranta ce mai azuzuwa. Madugu ke shugabanci, jagaba ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito da garama, malamin ayari ke riƙe da rubutu da addu'a. Yaro yakan fara da kora jakuna da ɗauko ruwa da tsaron kaya da dare. A hankali ake bar masa goro. Goro kuma kaya ne mai rai, ba ya yafe sakaci. Bayan 'yan kwanaki dole a sauke huhu, a kwance, a baje shi a inuwa, a bi shi ɗaya bayan ɗaya ana juyawa a tafin hannu ana neman wanda sankara ta taɓa, don guda ɗaya in ya kwana cikin sauran ya isa ya lalata ƙwarya da yawa. A yayyafa ruwa daidai, kada ya bushe kada kuma ya ruɓe, a canza ganye, a sake ɗaurewa. Wanda ya yi wannan wata da watanni ya koyi abin da littattafan kasuwanci na yau ke cika babi da shi: cewa ribar kaya mai lalacewa tana cikin kulawar yau da kullum, cewa jinkirin kwana uku a bakin kogi kuɗi ne, cewa farashin Salaga da na kasuwar Kurmi ta Kano sun bambanta da iyakar haɗarin da ke tsakaninsu. A nan ne ya kamata a nemi dalilin da ya sa, a farkon ƙarni na 20, Ɗantata ya shiga sahun farko na fataken Arewa da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Gwalkwas zuwa Ikko. Wanda ya san abin da kwana ɗaya ke yi wa huhu shi ne zai fara gane darajar jirgi.

Makarantar allo ma tana da nata rabon, wanda ake yawan rainawa. Ta ba da rubutu, ko da na ajami, ta yadda falke zai aika wa mai masaukinsa takarda. Ta ba da haddar da ke sa mutum ya riƙe bashin mutum hamsin a kansa. Kalmomin ƙirgenmu da kansu shaida ne: daga ashirin, talatin, arba'in har zuwa tis'in da alif, duk daga Larabci suka shigo, ta hannun malamai da fatake. Wanda ya zarce zuwa karatun littattafai zai tarar da babin ciniki da na gado a cikin Risala, da hukuncin ƙiradi, wato a ba mutum jari ya juya a raba riba. Abin da ya fi duka, malami ya ba falke wata shari'a guda da ake ji da ita daga Kano har Kumasi, ta yadda Bakano da Bawangare za su yi ciniki ba tare da sarki ɗaya ya haɗa su ba.

Marayu a Bombai

Farsi zuriyar mutanen Farisa ne mabiya addinin Zaradushti, wanda littattafan Larabci ke kira Majusanci, da suka yi hijira zuwa gaɓar Gujarat tsakanin ƙarni na 8 da na 10. Ba su taɓa yin yawa ba. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta same su 57,264 cikin ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya. Duk da haka daga cikinsu gidajen Tata da Wadia da Godrej suka fito.

Wanda ya fi kama da Ɗantata a cikinsu shi ne Jamshedji Jijibhoy. An haife shi a 1783, iyayensa biyu suka rasu a 1799 yana ɗan shekara 16, karatunsa bai yi nisa ba. Kawunsa, mai sayar da tsofaffin kwalabe a Bombai, ya ɗauke shi ya sa shi a shago, ya koya masa riƙe lissafi, daga baya ya ba shi 'yarsa. Kafin ya cika shekara 25 ya yi tafiye-tafiye zuwa ƙasar Sin cikin jirgin ruwa da kayan mutane. Maraya, kawu, shago, doguwar tafiya da kayan amana: in aka canza teku da daji, aka canza kwalba da goro, labarin Bebeji ne. Jamshedji Tata, wanda aka haifa a Nabsari ranar 3 ga Maris 1839, ya zo ne a tsara ta gaba, kuma a kansa ake ganin yadda al'ummar ta ƙara sabon abu a kan tsoho. Gidansu gidan limaman addininsu ne, mahaifinsa Nusarwanji ne ya fara barin limanci ya kama kasuwanci. Yaron ya yi karatun gargajiya a garinsu, yana da shekara 14 ya bi uban zuwa Bombai, ya shiga Kwalejin Elphinstone ya gama a 1858. Da gamawarsa bai nemi aikin gwamnati ba, ya shiga kamfanin ubansa, aka tura shi Hong Kong. Sai da ya yi shekara kusan goma yana yaron gida, ya ga hauhawar farashin auduga a lokacin yaƙin basasar Amurka, ya ga faɗuwarsa a 1865 da yadda ya karya manyan gidaje, kafin ya kafa nasa kamfanin a 1868 da jarin rupi 21,000.

Misali na uku ya fi su ban mamaki. Nabal Tata, wanda aka haifa a 1904, dangin gidan Tata ne na nesa, talaka. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 4, aka kai shi gidan marayu na J. N. Petit, wanda wani gidan attajiran Farsi ya gina don 'ya'yan al'ummar. A can Nabajbai, matar ɗan Jamshedji Tata, ta gan shi ta ɗauke shi riƙo yana da shekara 13. Ɗan wannan marayan shi ne Ratan Tata, wanda aka haifa ranar 28 ga Disamban 1937, wanda ita dai Nabajbai ta rena bayan iyayensa sun rabu, ya karanta zanen gine-gine a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya shugabanci rukunin kamfanonin Tata daga 1991 zuwa 2012, ya rasu a Oktoban 2024. Wato mutumin da ya riƙe kamfani mafi suna a Indiya shekara 21 ɗan wanda aka tsamo daga gidan marayu ne.

A nan hanyoyin biyu suka rabu. Abin da ya tallafi Alhassan mutane ne: tsohuwa Tata, malamin Bebeji, madugun da ya san ubansa. Abin da ya tallafi Nabal gini ne mai ƙofa da rajista da asusun da ba ya mutuwa da mutuwar wanda ya kafa shi. Jijibhoy ya kafa asibiti a Bombai a 1845 da gidauniyar makarantu a 1849. Jamshedji Tata ya kafa gidauniyar tura ɗalibai ƙasashen waje a 1892, ya buɗe ta ga kowane Ba'indiye, har K. R. Narayanan, wanda ya zama shugaban ƙasar a 1997, yana cikin waɗanda suka ci moriyarta. Yau kusan kashi biyu bisa uku na hannun jarin uwar kamfanonin Tata yana hannun gidauniyoyin jinƙai. Attajiranmu ba su gaza kowa kyauta ba. Sun ciyar, sun gina masallatai, sun kai mutane Makka, sun ɗaga yaran gida har suka zama iyayen gidan wasu. Amma mafi yawan wannan alheri a jikin mai shi yake rataye, ranar da aka kai shi makwancinsa aka raba gado, yaran gida sukan watse. Laifin ba na hukuncin gado ba ne, don shari'ar da ta zo da gado ita ta zo da waƙafi, kuma da waƙafi Azhar ta rayu ɗaruruwan shekaru. Ƙofar tana nan, mu ne ba mu cika bi ta cikinta ba.

Suka da amsa

Suka ta farko ita ce wadda ake ji a kowace rumfa: Ɗantata bai yi boko ba, ga shi a 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, da raƙuma 20 aka kai masa kuɗinsa na azurfa, to me boko zai ƙara? Amsar tana cikin gidan Ɗantata. Mutumin da bai yi boko ba ya sa ɗansa Aminu, wanda aka haifa a 1931, a firamaren Dala, ya kuma gina wa 'ya'yansa makaranta a gida. Tattaɓa kunnensa Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, shi ma mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 8, ya tashi a hannun kakansa Sanusi Ɗantata, ya yi makarantar Shehu Ali Kumasi, ya yi kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu, ya je Azhar, ya fara kasuwanci da rancen kawunsa. Ɗantata ya nemi ilimin da kasuwar zamaninsa ke buƙata, da kasuwar ta canza sai ya nema wa 'ya'yansa wani. Mai kafa hujja da shi don ya hana ɗansa makaranta yana yin abin da shi Ɗantatan ya ƙi yi. Sai dai a juya maganar ta ɗaya gefen ma. Ratan Tata da ya dawo da digirinsa a 1962, ba kujera aka ba shi ba, an tura shi masana'antar ƙarfe ta Jamshedpur yana aiki a bakin tanderu tare da leburori. Takardar shaida ba ta maye gurbin ubangida ba a Bombai, ba za ta maye shi a Ƙaura ba. Ɗalibin da ya yi difloma a harkar kasuwanci bai taɓa tsayawa a bakin sikeli ba, babu kuma wanda zai ba shi buhu goma a kan sunansa, ƙafa ɗaya yake da ita cikin uku.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma masana tarihi ne ke yin ta. Suna cewa duk wannan zancen reno ado ne, mulkin mallaka ne ya yi mutanen nan. Dukiyar Jijibhoy daga safarar ofiyam zuwa Sin ta fito, tare da kamfanin Jardine Matheson. Gidan Tata ya farfaɗo daga karayar 1865 da kwangilar kai wa sojojin Ingila kaya a yaƙin Habasha na 1868. Ɗantata kuwa bai zama Ɗantata ba sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kamfanin Neja ya naɗa shi wakilin sayen gyaɗa a 1918. Ban musa ko ɗaya ba, ina ma ƙarawa: tattalin arzikin da ya ɗauki nauyin ayarin Gwanja da bayi yake tafiya, matar da ta ba Alhassan sunansa ma baiwa ce. Ba a wanke tarihi don ana son wanda ke cikinsa. Amma sukar ta bar wata tambaya ba amsa. Jirgi ya iso wa Kano gaba ɗaya, me ya sa fataken goro ne suka cafke harkar gyaɗa? Binciken Jan Hogendorn na 1978 ya nuna cewa Turawa auduga suka sa rai da ita, manoma suka zaɓi gyaɗa, kamfanoni kuma da ba su jin harshe ba su san ƙauye ba suka koma ga irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya Ɗantata, don su ke da yaran da za a ba kuɗi su shiga ƙauyuka su dawo da kaya ba tare da an bi su da ɗan sanda ba. Bature ya kawo dogo da sikeli. Yaran da za a amince musu da kuɗi kuwa tun a hanyar Salaga aka rene su.

Suka ta uku ita ce, dubban yara sun yi allo sun yi bara a ƙasar Kano a shekarun 1880, guda nawa suka zama Ɗantata? Wannan gaskiya ce, kuma goyon bayan matsayina take yi. Bara ba ta koya wa kowa kasuwanci. Abin da ya raba Alhassan da abokan karatunsa shi ne, shi allonsa yana da ayari a gabansa da dangi a bayansa. Almajirin da aka sauke a tasha a yau, uban bai san unguwar da yake kwana ba, babu sana'ar da ke jiransa, ba tafarkin Ɗantata yake bi ba, ko da kwanon barar iri ɗaya ne. Haka nan mai cewa arziki nufin Allah ne ya faɗi gaskiya, amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu. Addinin da ya ce arziki na Allah ne shi ya ce a riƙe alƙalami.

Akwai kuma mai cewa ba a gwada 'yan tsiraru na birni guda da al'umma mai miliyoyin mutane. Na yarda, shi ya sa da Agalawa da Kambarin Barebari nake gwada su, ba da Hausawa duka ba. A wannan ma muna da abin da Farsi ba su da shi. Su sun rufe ƙofa, ba su cika karɓar bare ba, yawansu yana ta raguwa. Tsarin ubangida da yaron gida na ƙasar Hausa kuwa ya haɗiye baƙo, ɗan bawa ya zama madugu, Ba'agale ya zama Bakano.

Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Wannan yanki ba baƙon abin da nake faɗa ba ne. Layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ya tsaya, garin ya zama bakin da gyaɗa da audugar arewacin Zamfara ke fita ta cikinsa. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta daɗe tana jawo masu dabbobi da hatsi har daga Jamhuriyar Nijar, Zurmi kuma tana kan hanyar Jibiya da Katsina. Kowace ɗaya daga cikin kasuwannin nan makaranta ce ba tare da allo a ƙofa ba. A dubi yaro ɗan shekara 12 a rumfar mai hatsi. Aikinsa na farko riƙe bakin buhu ne. Yana nan tsaye yake ganin yadda ubangidansa ke cusa hannu har gwiwar hannu cikin buhun gero don ya ji ko na ƙasa ya yi daidai da na sama, yadda yake tauna ƙwaya ɗaya ya san ko ta bushe, yadda tiyar saye ke tozo ta sayarwa kuma ake shafe ta, wane dillali ne ake ba kaya sai mako mai zuwa, wane ne kuma sai kuɗi hannu. Bayan shekara biyu ana aikensa kasuwar ƙauye da kuɗin buhu biyar. In ya dawo da lissafi daidai sau goma, ya sami abin da babu bankin da zai ba shi.

Wannan makarantar ce 'yan bindiga suka fi yi wa ɓarna, kuma ita ce ba a lissafawa. Idan ana ƙirga asara akan ƙirga rayuka da shanu da kuɗin fansa, haka ya kamata. Amma hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya da suka zama abin tsoro sun yanke aiken yaro zuwa kasuwar ƙauye, wanda shi ne jarrabawarsa. A Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako da makarantu, aka kuma katse layukan waya, don a toshe wa ɓarayi hanyar samun kaya da labari. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan mataki, a wata guda yaron yankin nan ya rasa aji ya rasa rumfa. Attajirai da yawa sun kwashe iyali da jari zuwa Gusau da Kano da Sakkwato, kowane ɗaya da ya tafi kuma ya tafi da gurbin yara biyar ko goma. Malaman ƙauye sun yi gudun hijira da almajiransu zuwa garuruwan da ba su da gona. Ga marayu sun yi yawa fiye da yadda kawu da gwaggo za su iya ɗauka, don su ma kawunan a sansanin gudun hijira suke. Tsarin da ya ceci Alhassan ya dogara ne ga dangi masu tsayuwa da ƙafarsu. Inda masifa ta faɗa wa dangin gaba ɗaya, tsarin da ke rataye a jikin mutane ba ya ɗauka, sai irin wanda ya ceci Nabal Tata.

Saboda haka kirana ga mutum uku ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su buɗe rajistar yaran gida: sunan yaro, sunan ubangida, shekarun da zai yi, da jarin da za a sallame shi da shi, a rubuce da shaidu, kamar yadda 'yan kasuwar Ibo suka daɗe suna yanke wa yaransu wa'adi da sallama. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda tun 1983 ta buɗe ajin yamma na karatu da lissafi da riƙe littafin shago ga waɗannan yara, ta kuma tura nata ɗaliban su yi zango guda a rumfa, a ba ubangida damar sa musu maki. Masu hali kuma, kafin a zo rabon gado, kowa ya ware shago ɗaya ko gida ɗaya ya yi waƙafinsa a gaban alƙali, a rubuta cewa hayarsa ta ci da karatu da jarin marayun da rikicin nan ya bari ce, a damƙa wa amintattu fiye da ɗaya, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a kowace shekara. Alhazai, ba sai an jira zaman lafiya ya dawo ba. Marayan da ke da shekara 8 a bana, nan da shekara bakwai zai kai shekarun da Alhassan ya bi ayari, kuma wani zai ɗauke shi aiki, ko ku ko na cikin daji.